Barewar Saiga: Abin da Alƙaluman Ƙidaya Ba Su Faɗa Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi tsokaci a kan wata dabbar dawa wadda ba ta ƙasarmu ba ce, amma labarinta ya shafi likitan dabbobi, da ma'aikacin gandun daji, da duk mai akuya a ɗaure a gida. A watan Disambar 2023 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke fuskantar barazana, ta cire barewar saiga daga sahun dabbobin da ke gab da ƙarewa, inda take tun 2002. A wannan sanarwar ce kuma aka ce maririn da aka fara mayarwa dajin Cadi a 2016 ya fita daga jerin dabbobin da suka ƙare a dawa. Kafafen labarai sun ɗauki alƙaluman saiga sun yayata: daga kimanin 21,000 a ƙasar Kazakistan a 2003, zuwa miliyan 1.9 a 2023, sannan miliyan 2.8 a 2024. Abin farin ciki ne, babu shakka. Damuwata ita ce an tsaya a kan adadin, alhali abin koyo yana cikin yadda dabbar ta rushe har sau biyu cikin shekara 25, da abin da aka yi da hannu kafin ta tashi.

Saiga ba ta fi babbar akuya ba. Namiji kan yi kilo 30 zuwa 50, macen ba ta kai haka ba. Hancinta ne abin kallo, ya kumbura ya sauko kan baki kamar guntun hannun giwa. Da bazara yana tace ƙurar da garke ke tayarwa, da hunturu kuma yana ɗumama iska kafin ta isa huhu, domin a filayen da take zaune sanyi kan sauka ƙasa da sifiri da digiri 30 ko fiye. Filayen nan shimfiɗaɗɗu ne, ciyawa ce iya ganinka, ba itace ba tudu. Mafi yawan saiga suna Kazakistan a manyan garkuna uku, na Betfak-Dala a tsakiya, da na Ural a yamma, da na Ustiyurt da ke tsallakawa Uzbekistan. Akwai saura a yankin Kalmikiya na Rasha, da wani jinsi na daban a yammacin Mongoliya. Da kaka su yi kudu su guje wa dusar ƙanƙara, da bazara su yi arewa bin ɗanyar ciyawa, tafiyar ɗaruruwan kilomita kowace shekara. Makiyayinmu da ya san mashekari da burtali ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Rushewar farko ta biyo bayan wargajewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Gonakin gwamnati suka durƙushe, albashi ya tsaya, mutanen karkara suka koma wa nama na dawa. A daidai lokacin aka buɗe iyaka da ƙasar Sin, inda ake sayen ƙahon saiga don haɗa maganin gargajiya na zazzaɓi. Dabbar da ta haura miliyan ɗaya a farkon shekarun 1990 ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a cikin shekara goma.

A nan ne wurin da nake son mai karatu ya tsaya. Namiji kaɗai ke da ƙaho a saiga, saboda haka shi mafarauci ke bi a kan babur har ya gaji, ya sare ƙahon, sau da yawa ya bar gawar a nan. An daɗe ana ɗaukar cewa wannan ba zai taɓa haihuwa ba, tunda namiji ɗaya kan tara mata goma sha biyu zuwa talatin a lokacin barbara, cikin watan Disamba. Amma abin yana da iyaka. A Kalmikiya, wajen shekarar 2000, maza sun yi ƙarancin da namiji ɗaya ke fuskantar mata fiye da ɗari. Masu bincike suka ga abin da ba a saba gani ba: manyan mata suna korar ƙanana daga wurin namijin, aka fita barbara mata da yawa ba su ɗauki ciki ba, haihuwa ta faɗi warwas. Wanda ya ƙirga kawuna kawai a shekarar zai ce garke na nan. A zahiri garken ya riga ya daina maye gurbin kansa. Shi ya sa duk rahoton ƙidayar da bai faɗi maza nawa ne balagaggu a cikin kowace ɗari ba, rabin rahoto ne. Haka abin yake ga kowace dabbar da ake farauta don wani abu da jinsi ɗaya ko manya kaɗai ke ɗauke da shi.

Kazakistan ta haramta farautar saiga a 1999, amma takarda ba ta tsayar da babur. Abin da ya yi aiki shi ne lokacin da aka haɗa doka da ma'aikata, da mota, da mai, da sanin inda garken yake. Daga 2009 aka fara ɗaura wa wasu saiga abin wuya mai na'urar da ke aika wurin da suke ta tauraron ɗan'adam. Tunda dabbar garke ce, 'yan kaɗan da aka ɗaura wa sun isa su nuna hanyar dubbai. Da wannan ne masu sintiri suka daina yawon neman allura cikin ruwa a fili mai faɗin wata ƙasa, suka koma tare wuraren barbara da hunturu da wuraren haihuwa da bazara. Da wannan bayanin kuma aka shata sababbin gandaye a inda dabbar ke bi da gaske: Irgiz-Turgai a 2007, Altin Dala a 2012, Boke Orda a 2022. Gamayyar da ta jagoranci aikin tare da gwamnati, mai suna Altin Dala ita ma, ta haɗa ƙungiyar kare halittu ta ƙasar da takwarorinta na Jamus da Ingila. Aikin bai tafi babu jini ba. A 2019 mafarauta sun kashe ma'aikatan gandun daji biyu a lokuta daban-daban, na farkonsu Yerlan Nurgaliyev a watan Janairu, kuma bayan haka ne aka tsananta hukunci har ya kai ɗaurin shekara 12.

Ita kanta ƙidayar tana da ƙa'ida. Ana yin ta ta jirgin sama a watan Afrilu, bayan dusar ƙanƙara ta narke, kafin a fara haihuwa, don adadin ya zama na waɗanda suka tsallake hunturu ba tare da jarirai sun kumbura shi ba. Jirgi yana bin layuka miƙaƙƙu da aka tsara tun daga ofis, ana ɗaukar hoton kowane garke a ƙirga daga baya, domin ido kan rage babban garke. Idan aka sauya wata, ko tsayin tashi, ko tazarar layuka daga shekara zuwa shekara, alƙaluman ba su kwatantuwa da juna. A watan Mayu kuma sai aikin ƙafa. Matan kan taru dubbai a wuri guda su haihu kusan gaba ɗaya cikin kwana bakwai zuwa goma. Jariri kan kwanta lamo a cikin ciyawa a kwanakinsa na farko, kai a ƙasa, ba ya motsi ko an tsaya a kansa. Ma'aikata kan bi layi, su ɗaga shi da safar hannu, su auna, su duba jinsi, su rubuta ko tagwaye ne, su mayar da shi daidai inda yake cikin minti ɗaya ko biyu. Lafiyayye kan yi kimanin kilo uku da rabi. Nauyin jarirai da yawan tagwaye su ne ke faɗin yadda iyaye mata suka fito daga hunturu. Wannan haihuwar ce ma sirrin farfaɗowar dabbar: mace kan ɗauki ciki tana wata bakwai ko takwas, haihuwar farko ɗa ɗaya, daga nan galibi tagwaye. Giwa ko karkanda ba za su taɓa tashi da irin wannan saurin ba, kuma kuskure ne a ɗauki labarin saiga a ce kowace dabba haka za ta yi in an bar ta.

Rushewa ta biyu ta zo ne ana tsakiyar murna. A Afrilun 2015 an ƙirga kimanin 242,000 a garken Betfak-Dala. A watan Mayu, ana cikin haihuwa, sai mata suka fara faɗuwa. Dabba na kiwo lafiya da safe, kafin yamma ta kasa tsayuwa, numfashi ya yi wuya, kumfa a baki, zawo, ta mutu cikin sa'o'i. Uwa ta riga, jariri ya biyo baya. Cikin kusan mako uku fiye da 200,000 suka mutu, wato kusan kashi 60 cikin 100 na duk saigar duniya a lokacin. A garkunan da abin ya shiga kusan ba a samu wadda ta tsira ba, kuma garkunan da ke nesa da juna da ɗaruruwan kilomita sun faɗi kusan lokaci guda. Sai da aka haƙa ramuka da manyan motoci aka binne su. A ƙidayar shekara mai bi, garken bai kai 40,000 ba.

An yi ta zargin man roka daga tashar harba kumbo ta Baikonur, da gubar ciyawa, amma bincike bai tabbatar da ko ɗaya ba. Abin da aka samu a jini da gaɓoɓin gawarwakin shi ne ƙwayar bakteriya mai suna Pasteurella multocida nau'in B, wadda likitocin dabbobi suka sani tana kashe shanu da ɓauna a Asiya ta hanyar shiga jini. Abin mamakin shi ne ƙwayar ba baƙuwa ba ce, tana zaune a maƙogwaron lafiyayyun saiga ba ta yi musu komai. Ruwa ba ya tsami banza. Da ayarin masana ƙarƙashin Farfesa Richard Kock suka duba bayanan yanayi, a binciken da suka fitar a 2018, sai suka ga kwanakin da suka gabaci mutuwar sun zo da ɗumi da laimar iska fiye da yadda aka saba, kuma irin wannan yanayin ne ya gabaci manyan mace-macen 1981 da 1988 a wannan garken. Ga dabbar da ta ƙare ƙarfinta wajen haihuwa, ga cunkoso, ga yanayin da ya ba ƙwayar dama.

Me za a iya yi? A gaskiya kaɗan ne. Ba a yi wa dabbar dawa dubu ɗari biyu allura, kuma korarta don a kama ta kan kashe ta da firgici. Abin da ke hannun ɗan'adam shi ne a hana damun garke a lokacin haihuwa, a ajiye likita da kayan aiki a wurin tun kafin a fara, sannan a tabbatar dabbar tana da yawa kuma tana warwatse a garkuna daban-daban. Garkunan Ural da Ustiyurt ba su faɗa cikin annobar 2015 ba. Batun likita a wuri kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Gawar da ta kwana a rana ba ta ba da amsa, domin ƙwayoyin ruɓewa sun riga sun mamaye ta. Ana buƙatar jini, da saifa, da huhu daga dabbar da ta mutu cikin 'yan sa'o'i, a sa kowanne a mazubinsa, a rubuta wuri da lokaci, a ajiye cikin sanyi har ɗakin gwaji. A 2010, da kimanin 12,000 suka mutu a garken Ural, rashin samfuri mai kyau a kan kari ya sa an daɗe ana jayayya a kan sanadin. A 2015 akwai masana a fili tun ranar farko, shi ya sa aka samu amsa.

Akwai cutar da ake iya tarewa, kuma ita ce ta fi kusa da mu. A 2016 annobar awaki da tumaki da ake kira PPR ta shiga dabbobin gida a yammacin Mongoliya. Duk mai ƙananan dabbobi a arewacin Najeriya da Nijar ya san ta ko bai san sunan ba: zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, zawo mai wari, tari, sai mutuwa, musamman ga 'yan awaki. A Afirka ta Yamma aka fara gano ta, a Kodebuwa a 1942. Gwamnatin Mongoliya ta yi wa tumaki da awaki fiye da miliyan 10 rigakafi, amma kafin nan ƙwayar ta riga ta tsallaka ta wurin kiwo da mashaya. Daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 saigar Mongoliya ta mutu dubbai, fiye da rabin jinsin ya tafi, har da awakin dutse da wata barewar yankin.

Rigakafin da aka fi amfani da shi a duniya kan wannan cuta an samo shi ne daga ƙwayar da aka ware a Najeriya a 1975, sunan ƙasar ma yake ɗauke da shi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana haɗa shi. Allura ɗaya kan kare dabba aƙalla shekara uku. To me ya sa cutar ba ta ƙare ba, alhali hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da ita? Na farko, maganin ba ya jure zafi. Dole ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga ma'ajiya har rugar, kuma da zarar an haɗa garin da ruwansa sai a ƙarar cikin kamar sa'a biyu, kwalbar na cikin ƙanƙara. Wanda ya haɗa da safe ya yi ta yawo da shi a aljihu har la'asar, ruwa yake tsira wa dabbobi. Na biyu, sai an samu kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na dabbobin yanki da kariya kafin cutar ta rasa wurin zama, ga shi awaki na saurin haihuwa da saurin shiga kasuwa, cikin shekara guda babban kaso na garke sababbi ne da ba a yi musu ba. Na uku, ɗan akuyar da bai kai wata uku zuwa huɗu ba, kariyar da ya sha a nonon uwa kan kashe ƙarfin allurar, sai an dawo masa daga baya, kuma wannan dawowar ce aka fi mantawa. Duk inda dabbar gida ke shan ruwa tare da ta dawa, a gefen Yankari ne ko a dajin da aka saki mariri a Cadi, allurar akuya tana cikin aikin kare namun daji, ko da kasafin kuɗin ma'aikatun biyu bai san da haka ba.

Sai maganar hanya. Saiga na gudun kilomita 80 a sa'a, amma ba ta tsallake shinge, ƙarƙashi take nema. A wajen 2012 aka kafa shingen waya mai ƙaya a iyakar Kazakistan da Uzbekistan, ya datse burtalin garken Ustiyurt, a 2014 kuma layin dogo na Shalkar zuwa Beineu ya ratsa yankin. Na'urorin wuya sun nuna dabbobi suna isowa bakin dogon su juya. Garken da aka hana yin kudu a shekarar da ruwa ya daskare a kan ciyawa, yunwa ce za ta kashe shi. Gyaran shingen bai da tsada: an cire wayoyin ƙasa a wurare da dama don a bar kafar wucewa. A Amurka, inda wata barewa ke da irin wannan hali, ƙa'idar ita ce wayar ƙasa ta zama marar ƙaya kuma ta ɗaga santimita 40 zuwa 45 daga ƙasa. Dogo da kwalta sun fi wuya, domin in ba a sa mashigar dabbobi a zanen farko ba, da wuya a samu kuɗin fasa abin da aka riga aka gina.

Filin kansa ma abin karewa ne, kuma filayen ciyawa na ƙasashen sanyi suna cikin muhallan da suka fi ƙarancin kariya a duniya, don ana yi musu kallon wofi. Daga 1954, a ƙarƙashin shugaban Sobiyet Kurushef, an kafta miliyoyin hekta na arewacin Kazakistan don noman alkama, iska ta kwashe ƙasar sama a wurare da yawa, kuma ciyawar asali kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta dawo gonar da aka bari. Rashin kiwo ma ɓarna ne. Da dabbobin gida suka ragu bayan 1991, saiga kuma ta yi ƙaranci, busasshiyar ciyawa ta taru, gobarar daji ta ƙaru. Akwai wani tsuntsu ɗan dangin zakaran ƙeƙuwa, shi ma yana gab da ƙarewa, wanda ba ya ƙwai sai a gajeriyar ciyawar da dabbobi suka kiwata, kuma wasunsu a Sudan suke cin hunturu. Don haka ne a 2024 aka kawo dawakan dawa bakwai daga gidajen namun daji na biranen Firag da Balin a Turai aka sauke a Altin Dala, bayan jakunan dawa da aka fara kaiwa a 2017. Ina ƙara da cewa dasa itatuwa a irin wannan fili ba gyara ba ne. Dashen itace na da wurinsa, a inda daji ya kasance aka sare.

Yanzu matsalar Kazakistan ta juye. Garken Ural kaɗai ya haura miliyan ɗaya, manoman yamma suna kukan an tattake musu shuka, an cinye ciyawar da suke yanka don ingiricin hunturu, an ƙafar da mashaya. Kukansu gaskiya ne, kuma wanda ya yi watsi da shi yana shuka mafarautan gobe. A ƙarshen 2023 gwamnati ta ba da izinin rage dabbar, aka kashe dubun dubata, a 2024 Shugaba Tokayev ya sa aka dakatar, a 2025 aka sake buɗewa. Ni ban ga laifin cin amfanin dabbar da ta kai miliyoyi ba, a zamanin Sobiyet ma an yi shekaru ana yi bisa ƙa'ida. Sharaɗin shi ne a yanke adadi daga ƙidayar shekarar, garke-garke, kada a taɓa ƙaramin garken Ustiyurt da hujjar yawan na Ural, a kauce wa lokacin barbara da haihuwa, a bar gibin annoba a lissafi tunda mako uku sun taɓa cinye aikin shekara goma, kuma kuɗin naman ya isa ƙauyen da ya yi asarar ciyawa. Ƙahon ne abin tsoro. Tun 1995 cinikinsa tsakanin ƙasashe ke ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar da ke sa ido kan cinikin namun daji a duniya, a 2019 kuma aka tsayar da fitar da na dabbar dawa don kasuwanci. Duk ƙahon da ya fito daga yankan halal, in ba a yi masa lamba an auna an rubuta an kulle ba, zai zama rigar da na sata zai saka ya shiga kasuwa, kuma garkunan Rasha da Mongoliya da Uzbekistan, da ba su da yawa, su ne za su biya.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan wakilanka za su kawo labarin wata dabba da aka ce ta ƙaru ko ta ragu, a nan gida ko a waje, su tambayi jami'in da ya ba da adadin: a wane wata aka ƙirga kuma ta wace hanya, maza nawa mata nawa, 'ya'ya nawa suka kai shekara, yaushe aka yi wa dabbobin ƙauyukan gefen gandun rigakafi na ƙarshe, kuma wa ke biyan manomin da aka shiga gonarsa.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku,
Zariya